Ƙugi a sifikun Baba idan na jona laftof

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu yana da wata tsohuwar ampilifaya da manyan sifiku biyu, tun muna yara ba mai taɓa su sai shi. Kaset-kaset ɗinsa na tafsiri duk sun cinye, shi ne na samo masa karatun na zuba a laftof. Na sayi waya a Sabon Gari, gefe ɗaya kai irin na iyafis, ɗaya gefen kai biyu, ja da fari. Sauti ya fito, amma a fashe, kamar ana magana cikin garwa, ga wani ƙugi da ba ya yankewa. Baba har ya ce in zare kafin in ƙona masa kaya. Ina matsalar take?

Mai gyaran rediyo:
Wa'alaikumus salam. Ƙanina, a wane rami ka soka ja da farin? In dai PHONO ne, to nan gizo ke saƙar. Wannan ramin na garmaho ne. Allurar garmaho ɗan sauti kaɗan take bayarwa, shi ya sa ramin ke ninka shi sosai, ya kuma ƙara masa kauri. Laftof kuwa da ƙarfinta take zuwa, dole ya fashe. Mayar da wayar ramin AUX ko CD ko TAPE IN, ja dama, fari hagu, ka murɗa makunnin gaba zuwa sunan ramin.

Ɗan Kurna:
Wallahi Yallaɓai PHONO ne, shi ne na farko a jere. Fashewar ta tafi, amma ƙugin yana nan ƙasa-ƙasa.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, zare cajar laftof ɗin ka saurara. Nawa haka ya yi, musamman in an ta da janareto. In ya yi shiru, haɗa caja da ampilifaya a soket ɗaya. In ya ƙi, akwai ɗan abu da ake sawa a tsakiyar wayar, ground loop isolator. Kuma kada ka bar sautin laftof a ƙasa kana ƙure na ampilifaya, ƙugin kake ƙurewa. Kai na laftof kamar kashi 80 cikin ɗari.

Ɗan Kurna:
Hajiya, caja ce! Ina zarewa ya yi tsit. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai batirin ba ya wuce minti 40, karatun kuwa ya haura awa ɗaya. Bayan Magariba zan gwada haɗa su a soket ɗaya, yanzu Baba ya zauna ya hana a taɓa.