Musayar Baitoci a Kan Hawan Kibo

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na dawo gida Jos daga Abuja bayan wata bakwai. Muna tsakiyar Hawan Kibo, hawan dutsen nan da ke hanyar Akwanga zuwa Jos, baitocin nan suka zo mini, na rubuta su a waya. Amsa-amon "wa" ne, mai hali ya ɗora.

Bismillahi, da Shi na buɗe baki,
Shi Ya kafa dutse, Ya ba shi tsayuwa.

Mun baro Akwanga rana tana duka,
Riga ta jiƙe sharkaf kamar an zuba ruwa.

Muka wuce Gwantu, muka kai Fores,
Kwalta ta ɗaga kai, ta ce ga wurin hawa.

Ruwan Assop na can a gindin tsauni,
Yana zuba kan dutse, ba ya gajiyawa.

Kunne ya toshe, na haɗiye yawu,
Ya buɗe, sai ga iska mai sanyi tana busowa.

Na sauke gilashi, na leƙa kwari,
Hazo ya kwanta fari fat kamar abawa.

Tsohuwa kusa da ni ta jawo mayafi,
Ta ce "Mun iso gida", tana ta murmusawa.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, waƙarka ta yi daɗi, amma ta kujerar baya ce. Shekara 27 ina jan tirela a hanyar nan. Ga tawa.

Ɗana, matso gaba kusa da sitiyari,
Ka ji abin da mai taga ba ya ganowa.

Buhu 600 na siminti a bayana,
Giya ta ɗaya, inji yana ta kokawa.

Karen mota a ƙasa, waigi a hannu,
Yana bin taya, tsoronsa mu komo da baya-bayawa.

Hawan ma da sauƙi, ka tambayi gangara,
Nan ne baƙin gashi ke zama furfura a tsayuwa.

Birki in ya ɗau zafi wari yake yi,
Ka taka, ka ji ƙafarka tana nutsewa.

Kwarin da ka ce ya yi fari kamar zare,
Na san ƙarfen da ke ƙasa yana ruɓewa.

Abokina da muka ci tuwo kwano guda,
Can tankarsa ta tafi, ba ta dawowa.

'Yar Farin Gada:
Allah Ya jiƙansa, Baba, Ya sa ya huta. Ni kayan gwari nake saya ina turawa, don haka hawan nan a aljihuna nake jin sa.

Baba, sannu da aiki, Allah Ya tsare,
Da ƙafarka kan birki muke samun sayarwa.

Kabeji da karas da koren wake,
Dankalin Bokkos buhu-buhu ake ɗorawa.

Da dare ake lodi don sanyi ya riƙe su,
Asuba ta yi musu a Abuja ana saukewa.

Ran da babbar mota ta kwanta a kwana,
Layi ya miƙe, ba gaba, ba komawa.

Tumatirina kwando arba'in a rana,
Ya koma ruwa, ƙasan mota yana ɗigowa.

Yaya Ɗan Gangare, kai ka ga farin hazo,
Ni jan ruwa na gani, jarina na tsiyayewa.

Malamin Bukuru:
Ku ba ni dama in sauya zubi zuwa ƙwar huɗu, amma zan riƙe muku "wa" ɗinku a ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne garin da ke saman hawan kullum ƙaruwa yake, kuma yawancin abin da zai ci ko zai gina da shi daga kudu, ta wuyan dutsen nan yake biyowa.

Kuza ce ta tara mutane a Jos,
Jirgin ƙasa daga Fatakwal ya iso a 1927,
Leburori daga Kano da Borno da Bauchi,
Suka zo haƙa, suka zauna ba komawa.

A 1967 Jos ta zama babban birnin jiha,
A 1976 aka yanka Filato ita kaɗai,
Da can tsakanin Jos da Bukuru akwai fili,
Yau katanga ce ke bin katanga ba rabuwa.

Kududdufan kuza gidaje sun kewaye su,
Bulo ya doshi Mararrabar Jama'a,
Siminti da rodi da man da za a sha,
Duk a bayan su Baba suke hawowa.

Gari yana faɗi, motoci na ninkuwa,
Dutse yana nan da kwanarsa yadda take,
Masu iko, ku zo ku tsaya a bakin kwarin,
Ku ƙirga ramukan da ke jiran cikewa.

Ɗan Riyom:
Duk kun yi maganar wucewa. Mu a nan aka binne cibiyarmu. Hausata ta kasuwa ce, ku yi haƙuri da ita.

Ku kuna wucewa, mu muna kwana,
Gonar accarmu tana kallon masu hawa.

Shingen ƙerana ya kewaye gidan kakana,
Duwatsun Riyom kan juna, ba sa faɗuwa.

In mun ji ƙara da dare daga kwari,
Da tocila muke fita, har da masu tsufa-tsufawa.

Kafin jami'an kiyaye haɗurra su iso,
Mu ne da igiya da gatari muna cirowa.

Ba ma tambayar sunansa ko addininsa,
Mai numfashi a ɗauko shi, a ba shi ruwa.

Ɗan Gangare:
Wallahi jikina ya yi sanyi. Baba, ka gafarce ni.

Na yi waƙar ido, kun yi ta jini da gumi,
Baba, ban san kabarin abokinka nake yabawa.

Amma sanyin da ya taɓa fuskar tsohuwar nan,
Shi ma gaskiya ne, ba zan iya gogewa.

Tsohon Direba:
Kar ka goge, ɗana. Akwai abin da ban faɗa ba.

In na kai sama lafiya nakan yi fakin,
In kashe inji, in ji shi yana hucewa.

In ɗauko buta, ruwan kamar ƙanƙara,
In yi alwala yatsuna suna ƙagewa.

In sallame Asuba in juya gabas,
Rana na fitowa, hazon nan yana tashi yana watsewa.

Na fi ka kallonsa, sai dai ban iya faɗa ba,
Sai yau da ka buɗe, bakin ya samu buɗewa.

Gobe ina da lodin masara zuwa Lafiya, gangara zan yi. 'Yata ta Farin Gada, ɗan'uwa na Riyom, Malam, ku sa ni a addu'a.

'Yar Farin Gada:
Allah Ya sauke ka lafiya, Baba. Ka duba birki tun a Bukuru.