Neman kalma: wasan bidiyon da mai bugawa ke juya labarinsa

Mai Shirin Fasaha: Salamu alaikum. Jibi zan naɗi shirin rediyo kan wasannin bidiyon da mai bugawa ke yanke wa labarinsu hukunci, kuma har yanzu ban sami sunan da zan kira su ba. Misali Detroit: Become Human na kamfanin Quantic Dream na Faransa, da ya fito a 2018. Mutum-mutumi uku kake riƙe da su, Kara da Connor da Markus, kowannensu zai iya mutuwa labari ya ci gaba ba shi. In babi ya ƙare sai a nuna maka taswirar hanyoyin da ka bi da waɗanda ka bari a rufe. A taimaka.

Bazazzagiya: Labari mai rassa. Gindi ɗaya, rassa barkatai, kamar taswirar da ka ce.

Ɗan Fagge: Wasan zaɓi kawai.

Bazazzagiya: A rediyo? Rabin masu sauraro "wasan zaɓe" za su ji, su ɗauka hirar 'yan siyasa ce.

Malamin Hausa: Zaɓi-ka-gani. Ginin faɗi-ka-mutu ne, kunnen Bahaushe ya saba da shi. Malama, rassanki sun faɗi siffar abin, ba su faɗi abin da ke kama zuciya ba. Ku duba wasan The Walking Dead na kamfanin Telltale, na 2012. Yawancin rassansa komawa suke su haɗe, kuma Lee, jarumin da kake riƙe da shi, mutuwa yake a ƙarshe ko me ka yi. Duk da haka mutane sun kasa mantawa da shi, don an damƙa musu abinci guda huɗu su raba wa mutum goma masu yunwa, an kuma riƙa sanar da su cewa yarinyar nan Clementine za ta tuna abin da suka faɗa. Nauyin a wuyanka yake. Ka zaɓa, ka ga abin da ya biyo baya.

Ɗan Fagge: To a ce wasan ƙaddara mana.

Mai Shirin Fasaha: A'a ɗan uwa, wannan ba zan furta a iska ba. Kafin in rufe shiri malamai sun fara kira, kuma da gaskiyarsu.

Ɗan Fagge: Shi kenan. Amma Malam, a gidan gem ba yaron da zai ce zaɓi-ka-gani. Gem ɗin labari za su ce.

Malamin Hausa: Wannan "gem" ɗin shi ne ciwon. Muna da wasa, me ya kai mu aro? Haka muke sakaci har jikokinmu su rasa bakin magana.

Bazazzagiya: Malam, bidiyo da rediyo fa? Su ma ba a Daura aka haife su ba.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar gem ba tamu ba ce, Ingilishinku ne. Kullum Kano ke yanka, mu sai dai a miƙo mana. Shirin nan har nan ake jin sa?

Mai Shirin Fasaha: Ta intanet ana ji, yallaɓai. Shi ya sa nake son wadda za ta shiga ko'ina.

Ɗan Damagaram: To rassa ta fi. Tsohuwa ma za ta gane. Ta Malam kuwa kamar sunan caca.

Malamin Hausa: Caca kuma? Subhanallahi. A caca sa'a ke aiki, a nan hankalinka da tausayinka ake gwadawa.

Mai Shirin Fasaha: Lokaci ya ƙure. Zan buɗe da "wasan labari mai rassa". In na zo bayanin dalilin da ya sa mutum ke sake buga wasan ban tsoro Until Dawn daga farko don ya tsirar da duka matasa takwas da ke cikinsa, a nan zan kawo zaɓi-ka-gani, in ce wani malami ne ya ba ni.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, suna ya kamata ta zama, ba ado ba. Amma ka rubuta ta da karan ɗori biyu, kar ka haɗe min ita.