Shin tattakin mata yana sauya wani abu, ko anko ne da hotuna kawai?

Maman Sadiya, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata, kuma ƙungiyarmu ta malamai mata ta yanke shawarar yin tattaki ranar 8 ga Maris, wato Ranar Mata ta Duniya, har ma an sa ni cikin kwamitin shirye-shirye. Abin da ya sa nake jan ƙafa shi ne abin da idona ya gane mini bara. Mun ɗinka anko, an raba mana kwalaye da aka rubuta da Turanci, muka taka cikin rana har zuwa wata sakatariya, inda wani jami'i ya fito ya yaba wa juriyar mata, ya ce mu ne iyayen al'umma, aka ɗauki hoto, aka raba lemo, kowa ta kama gabanta. Wata dattijuwa da aka ɗebo daga ƙauye ta riƙe kwalinta a juye tun daga farko har muka watse, da na tambaye ta abin da muka fito nema, sai ta ce ita dai an ce mata za a ba da kuɗin mota.

Maigidana bai hana ni fita ba, amma ya tambaye ni abin da tattakin bara ya haifar, na rasa amsar da zan ba shi. Shi ya sa nake tambayar waɗanda suka fi ni sani: an taɓa yin tattakin mata a ƙasashenmu da ya sauya wani abu a zahiri?

Hajiya Mai Ritaya, Maraɗi:

Wa alaikumus salam, 'yata. An taɓa yi, kuma ina cikin waɗanda suka taka, lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a Yamai. A shekarar 1991, zamanin mulkin Janar Ali Saibou, ana shirin babban taron ƙasa wanda zai fitar da Nijar daga tsarin jam'iyya ɗaya, sai aka kafa hukumar da za ta tsara taron, aka wayi gari mace ɗaya ce tak a cikinta. Ranar 13 ga Mayu mata suka fito da yawan da ba a saba gani ba, malaman lakwal da ma'aikatan asibiti da ɗalibai da matan kasuwa, muka nufi ofishin Firaminista. Ba mu je neman yabo ba, domin kowace mace da ke wurin, har wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta san maganar da ta kawo mu: ba za a zauna a yanke makomar ƙasa ba tare da mu ba. Kafin a buɗe taron a ƙarshen watan Yuli, an ƙara mata biyar a cikin hukumar.

Wani zai ce mata biyar ba su taka kara sun karya ba, amma abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. An mayar da 13 ga Mayu ranar matan Nijar, ana bikinta kowace shekara. A 2000 aka yi dokar da ta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi, a 2014 aka ɗaga na zaɓe zuwa kashi 15, a 2019 kuma ya koma kashi 25, na naɗi kashi 30. Ba zan ɓoye miki ba, ita ma tamu ranar yau ta fi zama ta zannuwa da kiɗa, kuma akwai abubuwan da mata suka nema suka sha ƙasa, kamar kundin dokar iyali da aka yi ta kai ruwa rana a kansa. Sai dai abin da ya bambanta fitarmu da taku ta bara shi ne mun fito ne a daidai lokacin da tuwo yake kan wuta, ba a riga an kwashe ba, kuma mun je ƙofar wanda yake da ikon sa hannu.

Malam Na Sakkwato:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri da wannan tarihi. Ni dai ina da ɗan ja, kuma ina fata 'yan'uwa mata za su karɓe shi da kyakkyawar zuciya. Ƙarfin mace ba a kan kwalta ya fara bayyana a ƙasar nan ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin ta tattaro matan ƙauye su zo su ɗauki karatu a waƙe, su koma su koyar da na gida. Shi kansa Shehu ya yi kakkausar suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. Wannan aiki ya yi tasirin da ya wuce ƙarni guda, ba tare da an tare hanya ba.

Damuwata biyu ce. Ta farko ita ce cakuɗar maza da mata da fitar da ba ta da tsari. Ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce yawancin abin da ake rubutawa a kwalayen nan maganar kujerun siyasa ce, alhali matar da aka sako da 'ya'ya biyar babu ciyarwa, da marainiyar da baffanninta suka danne wa gado, da mai naƙudar da ta rasu a hanyar asibiti, ba kujera ce matsalarsu ba. Haƙƙoƙin da addini ya riga ya ba su ne ake tauyewa, kuma ban cika jin an yi tattaki a kansu ba.

Lauya 'Yar Kano:

Malam, na yarda da kai a kan batu na biyu fiye da yadda kake zato, domin irin waɗannan mata su ne suke cika ofishina kullum. Amma ka tuna cewa Suratul Mujadala ta sauka ne a kan mace, Khaulatu 'yar Sa'alaba, wadda ta ɗauki kukanta da ƙafarta ta kai gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta zauna a ɗaki tana jiran wani ya kai mata ba. Batun cakuɗa kuwa na tsari ne, kuma masu shirya fita suna iya kiyaye shi.

Maman Sadiya, amsar tambayarki tana nan cikin garinku. Hajiya Gambo Sawaba, wadda babban asibitin Ƙofar Gayan yake ɗauke da sunanta, ta shiga jam'iyyar NEPU tana matashiya, ta sha duka da ɗauri har sau goma sha shida saboda neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a su kuma yi karatu. Matan Kudu sun fara zaɓe tun a shekarun 1950, mu kuwa sai a 1976. Duk macen da take layin zaɓe a Arewa yau, har wadda take ganin fitar mata rashin kamun kai ne, tana cin guminta.

Ga kuma misali na kusa, mai daɗi da ɗaci. Ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokokin Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki. Daga ciki akwai na ware wa mata kujeru na musamman, da na bai wa mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure, da na bai wa baƙon da ya auri 'yar Najeriya damar zama ɗan ƙasa kamar yadda ake yi wa baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya, da na kashi 35 cikin ɗari na shugabancin jam'iyyu. Washegari mata suka mamaye ƙofar Majalisar a Abuja, suka yi ta komawa kwana da kwanaki, har ranar 8 ga Maris Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga ciki, ta yi alkawarin sake dubawa. Da mata suka tashi daga bakin ƙofar sai maganar ta bi ruwa, wa'adin majalisar ya ƙare ba tare da ko ɗaya ya zama doka ba, kuma a Majalisar Dattawan da ta biyo baya mata huɗu ne kacal cikin 109. A ganina kuskuren shi ne an karɓi alkawarin baki ba tare da an tsayar da rana ba. Kujerun da Malam yake raina kuwa, a kansu ne ake zama a yanke kasafin asibitin haihuwa.

Maman Sadiya, Zariya:

Na gode ƙwarai, Hajiya da Malam da 'yar'uwata lauya. Na kai maganar gaban kwamiti jiya, an yi muhawara mai zafi, musamman da na ce a bar maganar anko. A ƙarshe mun tsaya a kan buƙata ɗaya: makarantarmu tana da ɗalibai mata da yawa amma bandakunanta sun lalace, babu ruwa, har yara suna ƙaurace wa aji a kwanakin al'adarsu. Za mu rubuta takarda da Hausa da Turanci, iyaye mata su sa hannu ko su dangwala yatsa, mu kai wa ofishin da yake da alhakin gyaran kafin a rufe kasafin kuɗi, mu kuma nemi a ba mu rana a rubuce. Mata zalla ne za su fita, da safe, kuma mun nemi limamin unguwa ya sanar a masallaci domin mazajenmu su san abin da ake ciki. Lauya, idan ba damuwa zan turo miki daftarin takardar ki duba mana kafin Laraba.