Robar gindi da rage shurin manyan bindigogin farauta

Malam Habu: Salamu alaikum, 'yan'uwa. Wanda ke riƙe da .375 H&H (babbar bindigar farautar manyan namun daji) ko abin da ya fi ta, kuma robar da ta zo a gindin bindigar ta bushe ta yi tauri, wace iri ya kamata ya sa? Kuma robar kaɗai ta isa rage shuri, wato dukan da bindiga ke yi wa kafaɗa in an harba, ko sai an haɗa da wata dabara? Ina son jin ta bakin waɗanda suka gwada da hannunsu.

Injiniya Tukur: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Roba ba ta rage yawan ƙarfin da ke dawowa baya. Aikinta shi ne ta ja lokacin dukan ta kuma baza shi a kan kafaɗa, maimakon ya sauka lokaci guda a wuri guda. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne, amma yana da iyaka. Bindigar .30-06 mai kilo 3.6 da harsashi mai giram 11.7 tana dawo da kusan jul 27 (jul ma'aunin ƙarfin duka ne). Ita .375 H&H mai kilo 4 da harsashi mai giram 19.4 tana kai wa jul 50, sannan .458 Winchester Magnum a wannan nauyin tana haura jul 80. Abin da ke rage lambar kanta uku ne: ƙarin nauyin bindiga, rage nauyi ko gudun harsashi, da karkatar da iskar albarushi a bakin bindiga. Lissafin nauyi kai tsaye ne. Bindiga mai kilo 4 in ta koma 4.5, shurin ya ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari. Shi ya sa nake ganin .375 da ba ta kai kilo 4 ba tare da madubin saitinta ta yi sauƙi da yawa, ko wace roba aka ɗaura mata.

Baban Khalifa: Uku ne suka fi yawo a hannun mutane: Pachmayr Decelerator, LimbSaver da Kick-EEZ. LimbSaver ta fi laushi, ta fi sha duka a wajen gwajin saiti. Decelerator ta ɗan fi ta ƙarfi, ta fi daɗin gogewa don ta dace da gindi, kuma gefenta na fita tsaf. Kick-EEZ da Sorbothane, wani irin roba mai shan duka, ake yin ta, cikinta a cike yake, saboda haka ta fi nauyi kaɗan. Ga bindigar da za a ɗaga da sauri a gaban dabba mai haɗari na fi son mai matsakaicin laushi, domin roba mai laushi sosai tana kama riga wajen kai ta kafaɗa, kuma a manyan harsasai tana iya lotsewa har ƙarshe, ka ji taurin farantin da ke ƙarƙashinta. Kaurin santimita 2.5 ya wadatar. Faɗin fuskar robar ma a duba shi, siririn gindi yana yanka kafaɗa komai laushinsa. Wadda ake zurawa kamar safa ta wucin gadi ce: tana ƙara tsawo, tana zamewa, kuma tana tara danshi a kan katako in an bar ta.

Alhaji Ɗanlami: Kafin a sayi komai a auna tazarar da ke tsakanin kunama da tsakiyar gindi. Yawancin bindigogi suna fitowa da kusan santimita 34. In aka cire siririn faranti aka ɗora roba mai kauri ba a yanke katako ba, tazarar ta ƙaru da kusan santimita 2, gindin sai ya sauka a kan dantse maimakon ramin kafaɗa. Daga nan ne shatar jini ke fitowa. In kuma tazarar ta gajarce, babban yatsa ya daki hanci, madubi ya tsaga gira. A auna da rigar da za a yi farauta da ita. In ka ɗora kunci, a samu kamar faɗin yatsu biyu tsakanin hanci da babban yatsa, madubin kuma ya zama mai ba da cikakken hoto daga santimita 9 zuwa 10 da ido.

Akwai kuma karkatar fuskar gindi. In ƙasan robar ne ke soke maka ƙirji alhali samanta bai taɓa ka ba, bindigar za ta riƙa tashi sama tana marin kunci. Fuskar gaba ɗaya ya kamata ta zauna a kafaɗa. Haka in bayan katakon ya gangara ƙasa sosai daga layin bututu, baki zai fi ɗagawa, kuma wannan ba aikin roba ba ne.

Mai Gyara: Ga yadda ake ɗaura robar da ake gogewa har ta yi daidai da gindi. Da farko a tabbatar ba harsashi a ciki, a raba katako da ƙarfe. A naɗe wurin yanka da tef, a ja layi, a bi layin da wuƙa mai kaifi don kada katakon ya tsattsage, sannan a yanka da zarto mai ƙananan haƙora. A goge wurin ya kwanta sumul, in an haska fitila kada haske ya ratsa tsakaninsa da robar. Tsoffin ramukan sukuru a toshe su da guntun katako da gam, a huda sababbi na milimita 3. Wanda ya tura sukuru ba huda, ƙasan gindin ne zai dare masa. A shafe yankakken wurin da fenti ko man katako, domin ta nan danshi ke shiga.

Wajen ɗaurewa a shafa ruwan sabulu a kan sukuru da sukurudireba mai zagayayyen jiki, ramin robar zai rufe kansa ba tabo. Kada a sa man inji, yana cin roba. A ɗaure, a zana siffar gindin a bayan farantin da tsinin allura, a kwance robar, a goge ta a na'ura da samfefa mai lamba 80, a gama da 150 zuwa 220. Roba mai laushi a sa ta a firiza tukuna ta ɗan yi tauri, kuma a riƙa ɗagawa ana hutawa, zafi na sa ta narke ta yi kumfa. Inda aka fi ɓata aiki shi ne ƙasan robar: dole ta ci gaba da bin gangaren cikin katakon. In aka goge ta a miƙe, an rage faɗinta, ga muni. A sayi girman da ya fi kusa da gindin, domin masu rami ko ƙarfe a ciki suna da iyakar da ba a wucewa. Gindin filastik kuwa holoƙo ne, sai an cusa katako an kafe shi da gam mai haɗi biyu kafin sukuru ya samu abin kamawa.

Malam Habu: Na gode, Mai Gyara. To batun bututun zaiba da birkin baki fa, Injiniya?

Injiniya Tukur: Bututun zaiba, wato bututun ƙarfe mai zaiba a ciki, ana huda masa rami ne a cikin gindi, nauyinsa daga giram 200 zuwa 450. A ganina yawancin amfaninsa daga nauyin ne, darma mai nauyi ɗaya tana yin kusan aikinsa. Ko wanne ka sa, ka kafe shi kada ya yi motsi, kuma ka raba nauyin, wani a gindi wani a katakon gaba. In duk ya taru a baya, baki zai yi sauƙi ya ƙara tsalle. Birkin baki, wato ƙarfe mai ramuka da ake ɗaurawa a bakin bindiga don karkatar da iskar albarushi, shi ya fi komai rage shuri, mai kyau yana cire kashi 30 zuwa 50, amma ƙarar da iskar suna dawowa kanka da kan na kusa da kai. Sai da abin toshe kunne na ciki da na waje tare. Masu jagorar farauta da yawa ba sa son tsayawa kusa da shi. In za a sa, a sa mai warwaruwa, a kuma sake duba saiti bayan an cire, don inda harsashi ke sauka yana iya canzawa.

Baban Khalifa: Alhaji ya yi maganar tsawo, ni kuma zan ƙara yanayin zama. Duƙawa a kan teburi ne ya fi azabtarwa, saboda jiki ba ya samun ja da baya. A ɗaga makarin da ake ɗora bindiga a kai ta yadda ƙirji zai miƙe, ko a harba a tsaye kan sandunan dogarawa, a ja gindin ya matse a kafaɗa, hannun gaba ya riƙe katako sosai. Tazara ko kaɗan tsakanin roba da kafaɗa tana ba bindiga filin gudu kafin ta same ka. Makarin da ake dannewa da buhunan darma kuma a yi hattara da shi: in bindiga ta kasa motsi, katako da madubi ne ke shan dukan, kuma wuyan katakon na iya tsagewa. In kana zargin ka fara zabura, wani ya cusa maka harsashin wofi na atisaye, wanda ba ya tashi, cikin na gaske ba ka sani ba. In baki ya nutse lokacin da kunama ta faɗa a kansa, a koma ƙaramar bindiga ta .22 na ɗan lokaci, babbar kuma kada ta wuce harbi biyar zuwa goma a zama ɗaya.

Mai Gyara: Wajen ajiya, roba mai laushi tana lotsewa ta zauna a haka in bindiga ta daɗe a tsaye a kanta. A jingine ta baki ƙasa a kan tsumma, hakan yana kuma hana mai gangarowa cikin katako. Ruwan wanke bututu in ya ɗiga a kan robar a goge nan take. Duk robar da ta fara danƙo, ko ta tsattsage, ko farce ba ya lotsa ta, lokacin canza ta ya yi. A wannan kwancewar a duba bayan ƙarfen inda ya zauna a wuyan katako, in an ga siririn tsagu a kai wa mai gyara kafin a sake harbawa.