Neman shawara: "buy" zan rubuta ko "procure"?

Sakataren ƙungiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman masara a yankin Funtuwa. Damina ta ƙarato, muna so mu rubuta wa sashen noma na ƙaramar hukuma wasiƙa a taimaka mana mu samu takin zamani a farashi mai rangwame. Na rubuta "we want to buy fertilizer", sai shugabanmu ya ce in sa "procure", wai ta fi nauyi. Ban san bambancinsu ba, kuma ba na so wasiƙarmu ta zama abin dariya a ofis. Masana, a taimaka.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Shugabanku yana da gaskiya, amma ba maganar nauyi ba ce kawai. "Buy" ita ce ka miƙa kuɗi a miƙo maka kaya, an gama. "Procure" kuwa samo abu ne bayan an sha zirga-zirga ko an bi ƙa'ida: a nemi izini, a ji farashi wurin dillalai, a cike takardu, sannan kaya su iso. Ba ma dole sai da kuɗi ba, har takardar izini ana iya samo ta da wannan kalma. Tunda ta ofis za ku bi, ta dace da ku. Ka rubuta: "We wish to procure fertilizer for our members." Sunan kayan yana bin ta kai tsaye, kada ka sa "of" a tsakani. A hirar yau da kullum dai ka tsaya kan "buy" ko "get", sun wadatar.

Hajiya Rabi: Ƙanena, aikina ke nan, sashen sayen kaya nake. A ofisoshin gwamnati wannan kalma tana tafe da dokarta. Tun 2007 akwai dokar sayen kayan gwamnatin tarayya, wadda ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan sayayyar gwamnati a Abuja, jihohi da dama kuma sun yi tasu. Shi ya sa idan ma'aikaci ya ga "procure", abin da ke faɗo masa a rai shi ne tallar kwangila, kwatanta farashin 'yan kwangila, sa hannun manya. To a nan nake jin tsoro. In ka rubuta "procure for us", zai ɗauka kuna so hukuma ta sayo muku da kuɗinta, sai a ajiye wasiƙar a ce babu shi a kasafin bana. Na sha ganin takarda ta kwana a fayil saboda irin wannan. Ka fito fili: wa zai biya, NPK ne ko yuriya, buhu nawa mai kilo 50, kuma zuwa yaushe kuke buƙata.

Barista Aminu: Ƙarin bayani kaɗan, kuma ina so a riƙe shi da kyau. Kada a taɓa haɗa kalmar nan da mutum. A harshen shari'a, "procure" mace ko yarinya yana nufin kawalci, laifi ne a kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa. Haka wanda ya sa wani ya aikata laifi, da ita ake bayyana shi. In leburori kuke nema a gona, "hire" ko "engage" za ka rubuta.

Isufu daga Maraɗi: Mu ma a faransanci muna da ita, "se procurer", samo wa kai abu. Tushensu ɗaya, daga Latin, inda take nufin kula da al'amari a madadin wani. Daga nan aka samu "procureur", mai gabatar da ƙara a kotu.

Sakataren ƙungiya: Allah ya saka da alheri. Hajiya, da kuɗinmu za mu biya, membobi sun riga sun fara tarawa. Rangwamen kawai muke nema.

Hajiya Rabi: To ka ƙara "at our own cost, at the subsidised rate" bayan jimlar da Malam ya ba ka. Ka liƙa sunayen membobi da yawan buhunan kowa, da kwafin takardar rajistar ƙungiya. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka koma da shi gida.