Kaza da wando a garkuwa: me za mu kira wannan da Hausa?

1/ 'Yan'uwa masu aikin fassara, ku matso. Abin da Turawan Ingila ke cewa coat of arms, wato alamar da gari ko gida ko ƙasa ke riƙewa a zane cikin garkuwa, har yau kowa da yadda yake kiransa da Hausa.

2/ Ga wani ƙauye a arewacin Holan, Hensbroek. Alamarsa kaza ce da wando. A bakinsu "hen" kaza ce, "broek" kuma wando, sai aka zana sunan garin yadda kunne ke jinsa. Abin dariyar shi ne "broek" ɗin da ke sunan ba wando ba ne, fadama ce, kuma farkon sunan na wani mutum ne, Hein. Fadamar Hein ke nan ta koma kaza da wando, kuma hukuma ta amince da ita haka. Can akwai majalisa tun 1814 da ke tantance irin waɗannan alamu. A 1979 aka haɗe ƙauyen da garin Obdam, amma kazar ba ta bar bakin mutane ba.

3/ Wani malamina ya ce hatimi. Allah ya gafarta Malam, hatimi abin bugawa ne a takarda. Ana iya sassaƙa alamar a jikinsa, amma ba shi ne ita ba.

4/ Garkuwar gari fa? Ta yi kusa, don su kansu mutanen Holan "wapen" suke cewa, wato makami. Sai dai a wurinmu Garkuwa sarauta ce. Ka ce garkuwar Hensbroek, Bakano zai tambaye ka yaushe aka yi naɗin.

5/ Tambari shi ne ya fi zama a baki. Muna cewa tambarin Najeriya mai dawakai biyu da mikiya, da na Nijar mai rana, kan sa, zangarniyar gero da takubba. Matsalarsa ita ce ya yi faɗi, kamfanin sabulu ma tambari gare shi, kuma gobe yana iya sauya shi. Coat of arms kuwa a rubuce ake ajiye siffarsa: launi kaza, dabba kaza, a gefe kaza. Kowane mai zane ya zana da hannunsa, muddin bai saɓa wa rubutun ba.

6/ Don haka ni na tsaya a kan tambarin asali. Allon da ke tsakiya a kira shi garkuwa, rubutun da ke ƙasa kuma take. Irin na Hensbroek, mai faɗin sunan gari da hoto, mu ce tambari mai magana, kamar yadda su ma suke kiransa. Wanda ke da wadda ta fi wannan daɗin faɗa a rediyo, bismillah.