Injin sanduna ko mai kamshaf a sama: wanne ne na ƙasarmu?

Malam Isiyaku: Salamu alaikum jama'a. Shawara nake nema tun kafin kuɗi su bar hannuna. Iyali sun yi wa Carina yawa, ga zuwa Ngaundare kusan duk wata. An nuna mini manyan motoci biyu a nan Garwa: Chevrolet Impala ta 2004 mai inji 3.8, da Toyota Avalon ta 2003 mai 3.0. Impala ta fi arha da kusan sefa miliyan ɗaya. Dillalin har da rantsuwa, wai injinta irin na da ne mai sanduna, ba ya mutuwa, na Avalon kuwa na 'yan gayu ne, zafi da ƙurarmu za su cinye shi. Gaskiya ne ko romon baka?

Baba Haruna: Wa alaikumus salam, Malam. Yau kam dillali ya yi tuntuɓe da gaskiya. Injin sanduna kamshaf ɗinsa, wato ƙarfen da ke juyawa yana sa bawul su buɗe, ɗaya ne tak, yana kwance a tsakiyar inji, 'yar gajeruwar sarƙa ke juya shi. Shi zai tura sanduna sama, su kuma su buɗe bawul, abin da mutanen nan ke cewa sufaf. Silinda shida, bawul 12, magana ta ƙare. Avalon kuwa kamshaf huɗu ne a sama, bawul 24, ga bel na roba da ke jan su. Ƙirga da kanka abin da zai iya lalacewa. Fijo 504 da ta yi mana bauta shekara da shekaru, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ai sanduna ne a cikinta. Na sha sauke kan injinta a gindin dalbejiya bayan azahar, kafin magariba ta tashi.

Hamisu: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A hannunka na koyi riƙon sifana, amma yau zan ɗan ja. 504 ta rayu ne saboda kayanta na ko'ina, kuma kowane yaron gareji ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ba sanduna suka raya ta ba. Impala nawa Baba ya taɓa buɗewa?

Baba Haruna: Inji ai inji ne, ɗan nan. Wanda ya iya fiɗar akuya ba ya tsoron tunkiya.

Hamisu: Haka ne Baba, amma kowanne da inda ciwonsa yake. Wannan injin Impala 3.8 ɗin, da ake kira 3800, ƙarfen zubi ne gangar jikinsa da kansa, yana da juriya, ban musa ba. Sai dai bututun shigar iska na samansa roba ce, kuma an san shi da cinyewa ruwa ya riƙa zurarewa cikin inji. A zafin Garwa na watan Afrilu, da ake haura digiri 40, mai mota ba zai ankara ba sai ya ga baƙin mai ya koma kamar koko. A ranar nan bawul 12 ba za su cece shi ba.

Ɗanjuma Kuseri: Ku bari in sa baki daga nan bakin gada. Baba, motocin da ke tashi daga Njamena su keta hamada har Faya, mene ne a cikinsu? Land Cruiser mai inji 1HZ, lita 4.2 na gas. Kamshaf ɗinta a sama yake, kuma bel ne ke jan sa, ba sarƙa ba. In da bel da kamshaf na sama ba sa jure ƙura, da Cadi ta daɗe da jefar da ita. Direbobi dai sun san ƙa'ida: kilomita dubu 100 ta cika, a canja, ko da bel ɗin yana sheƙi.

Baba Haruna: Kai ma ka faɗa da bakinka, "a canja". Wa ke canjawa a nan? Mu da sai mota ta zauna a hanya muke tuna gareji?

Ɗanjuma Kuseri: Wannan kuma halinmu ne, Baba, ba laifin inji ba.

Hajiya Asabe: Ni ban san sanda ba, ban san kamshaf ba, abin da na sani shi ne abin da ake zuwa nema a shagona. Injin Avalon ɗin nan, 1MZ, shi ne a Camry mai silinda shida, shi ne a Sienna, shi ne a Lexus ES300 da RX300. In babu abu a Garwa, in buga waya Yola, gobe da yamma yana hannuna. Na Impala fa? Bara wani bawan Allah ya zo neman famfon ruwan wata motar Amurka irin wannan, muka tambaya Duwala, muka tambaya Kwatano, motarsa ta yi wata biyu a jingine kaji na kwana a ƙarƙashinta. Miliyan ɗin da aka rage maka, Malam, ba kyauta ba ce. Mai ita ya san ranar sayarwa babu mai taya ta.

Malam Isiyaku: To Hajiya, kin sa jikina ya yi sanyi. Maganar shan mai fa? Tun da lita ta koma sefa 840 a 2024, zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi ta bayan fage, ma ta daina arha bayan Najeriya ta cire tallafi a 2023, dole mutum ya yi lissafi.

Hamisu: Duka biyun ba Starlet ba ne, Malam, kada a ruɗe ka. Abin da bawul huɗu a silinda ke yi shi ne inji ya shaƙi iska sosai in ya ɗau wuta. Shi ya sa Avalon da lita 3.0 take ba da doki 210, Impala da 3.8 take ba da 200. Amma in ba Baba haƙƙinsa: injin sanduna mai girma yana da ja tun daga ƙasa, ba sai ka matsa totur ba. A hawan dutsen nan na falez kafin Ngaundare, mota cike da mutane da buhunan masara a but, za ka ji daɗin wannan. A doguwar hanya ma ba ta da shan mai kamar yadda girmanta ke tsoratarwa.

Baba Haruna: Alhamdu lillahi, yaro ya dawo hanya. To faɗa masa ciwon taka, kada ka ɓoye.

Hamisu: Ba zan ɓoye ba. 1MZ na shekarun nan an san shi da daskarewar baƙin mai idan ana jinkirin juye. Mai ya koma kamar kwalta, ya toshe ƙananan hanyoyin da ke kai shi sama wurin kamshaf da VVT-i, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Kansa kuma alminiyom ne, in ya yi zafi sosai sau ɗaya yana iya lanƙwasa. Filogi uku na baya ma sai ka sha wuya kafin hannunka ya kai.

Baba Haruna: Ka ji ko, Malam? Mai lalura da yawa ke nan.

Hajiya Asabe: Mai lalurar da maganinsa ke bakin ƙofa, Baba. Naka lafiyayye ne, amma ran da ya kwanta sai an haye teku.

Ɗanjuma Kuseri: Ni na taɓa ƙonewa, kuma ba tsarin bawul ne ya ƙone ni ba. Bel na saya a wani shago, kwali mai kyau, rubutu tsaf, ashe jabu ne. Bai yi wata huɗu ba ya tsinke mini tsakanin Marwa da Mora, da rana tsaka, da fasinja. Tun daga nan ba na sayen bel don arha.

Baba Haruna: Da sarƙa ce da ba ka kwana a hanya ba.

Hamisu: Ai Toyota ma ta koma sarƙa a Avalon ta 2005, Baba, mai inji 3.5, amma kamshaf na nan a sama. Sarƙa daban, sanduna daban.

Baba Haruna: Wannan kuma ta fi ƙarfin aljihun Malam.

Malam Isiyaku: Wallahi ta fi. To yanzu me zan duba gobe?

Hamisu: Ka je da sassafe, inji na sanyi, kada ka yarda a tayar kafin ka iso. A Avalon ka buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska tocila, in da hali a cire murfin saman inji gaba ɗaya mu gani. Ka tambayi yaushe aka canja bel da famfon ruwa. A Impala ka duba ruwan lagireto da sandar awon mai, in ka ga fari-fari kamar an zuba madara, ka yi sallama.

Baba Haruna: Ka biyo ta gareji ka ɗauke ni, Malam. Ina so in sa kunne a Impalar nan da kaina. Kai kuma Hamisu ka taho da tocilarka.